Goyon Ciki da Dilar Littattafai

Da cikin Dije ya shiga wata na bakwai, mijinta Jamilu ya ɗauko ta daga Madalla ya kawo ta gidan iyayenta a Kwamba, goyon ciki. Cikin fari ne, kuma a gidansu gaban uwa ake haihuwar fari. Damina ta yi tsakiya. Mahaifinta Malam Audu yana can gonarsa ta doya a bayan Diko, sai ranar Juma'a yake leƙo gida. Ƙannenta masu aure sun yi aure, sauran suna makarantar kwana. Gidan ya rage daga ita sai Iya, sai 'yar haya ɗaya a ɗakin da ke jikin zaure.

Dije ce 'yar farin Iya. Tun da aka haife ta Iya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma haɗa ido da ita. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, irin wadda Iya ta taras uwarta tana yi wa nata ɗan farin. Kaka ce ta raini Dije, kakar kuwa ta rasu. In abinci ya sauka, sai Iya ta ajiye kwano a bakin ƙofa, ta juya wajen kaji ta ce, "A gaya wa mutanen ɗakin can tuwo yana hucewa." In Dije ta fito alwala, Iya ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Ita ma Dije ba ta iya ambaton cikin a gabanta. Da hijabi take zaga tsakar gida, kamar akwai wanda bai san abin da ya kawo ta ba.

'Yar hayar ita ce Philomena, wadda unguwa ke kira Maman Kosi. Daga kudu ta zo, ta tsufa a Suleja tana sayar da gwanjon littattafai a bakin kasuwa. Hausarta gudu take yi, sai dai kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji.

"Malama, haka kai za ka zauna kamar buhun gari har ka haihu?" ta ce da Dije wata safiya, tana tsaye a bakin ƙofa da buhu a kafaɗa.

"To me zan yi, Maman Kosi? Ko tsintsiya na ɗauka sai in ji an ce wa kaji a ajiye."

Philomena ta zazzage buhun a kan tabarma. Littattafai ne, tsofaffi, wasu babu bango, suna warin rumbu.

"Dila nake saya a rufe. Na makaranta na san su, su ke kawo ciniki. Waɗannan kuma ban san kansu ba. Mutum ya ce, madam, mene ne a ciki, sai in ce takarda. Kai malamin makaranta ne. Karanta, ka faɗa mini."

Haka aikin ya fara. Dije ta karanta, da yamma Philomena ta dawo kasuwa ta zauna a kan turmi tana gyaran ganyen miya, Dije ta ba ta labarin abin da ke ciki a taƙaice, yadda za ta iya maimaita wa mai saye. Sannan a jefa littafin cikin ɗaya daga kwalaye biyu. Philomena ce ta raɗa musu suna: kwalin na ƙarya da kwalin na gaskiya.

Dije ba ta zaɓe. Wanda hannunta ya faɗa kai shi take buɗewa. Ta karanta labarin wani ɗan sanda mashayi da ke neman wanda ya kashe mai gidan burodi. Ta bi shi da tarihin yadda aka shimfiɗa layin dogo daga teku zuwa arewa, da yawan leburorin da zazzaɓi ya kwashe. Ta karanta na soyayya guda biyu na Hausa, ta gane ƙarshensu tun daga shafin farko, amma ta ƙarasa. Akwai na kiwon zuma. Akwai na wata mata da ta ƙetare teku ita kaɗai a jirgin ruwa, tana shan ruwan sama. Akwai na taurari, wanda ya sa ta fito bayan magariba ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba sai hadari. Akwai na fatalwa a wani tsohon gida, da na girke-girken da ko rabin kayan haɗinsu babu a kasuwar Suleja, da wani na waƙoƙi da Philomena ta rasa kwalin da za ta saka shi, ta ce a ɗora shi a tsakiya.

"Wannan na layin dogo, akwai soyayya?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Akwai wani Bature da ya rubuta wa matarsa cewa sauro ya yi yawa."

"Ya isa. Zan ce akwai."

Rabonta da karatu irin wannan tun tana kwaleji. Rana takan faɗi ba ta sani ba. Abin cikinta ya yi ta harbi, ita kuma ta dafa wurin da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juya shafi.

Kuskuren farko wani ƙaton littafin lafiya ne ya jawo shi, daga kwalin na gaskiya. Ta karanta babin da ke bayani a kan jaririn da ya daina motsi, ta ajiye littafin ta kwanta tana saurare. Shiru. Ta juya, shiru. Ta kira Jamilu tana kuka. Ya baro ofis a Abuja, ya yi faɗa da ogansa, ya shato mota ya kai ta asibiti. Aka ɗora mata na'ura, bugun zuciya ya cika ɗakin kamar ana daka. Aka auna jininta, lafiya lau. Nas ta ce barci yaron yake yi, su ma suna barci.

Jamilu ya yi dariya a asibiti. A hanyar dawowa dariyar ta ƙare.

"Don Allah, Dije, ki rage karatun nan. Ba duk abin da aka rubuta ba ne yake same ki."

Kunya ta kama Dije. Ta mayar wa Philomena littafin lafiyar ba ta ƙarasa shi ba, washegari ma aka saye shi. Da safe Dije ta ji Iya tana watsa wa kaji dawa tana cewa, "Mu dai a zamaninmu ba a duba takarda kafin a san ɗa yana da rai."

Dije ta koma kan na ƙarya, ta ga su ba sa tayar da kowa daga ofis.

Wajen ƙarshen watan ciwon kai ya fara. Daga goshi yake kamawa ya zagaya ƙeya. Ta sha maganin da aka ba ta a wurin awo, bai sake ta ba. Sannan rubutu ya fara yi mata wasa, layi ya hau kan layi, sai ta rufe ido ɗaya kafin ta gane kalma. Ta faɗa wa Jamilu a waya.

"Ai dole," ya ce. "Mutum ya wuni da ƙananan rubutu a ɗaki mai duhu? Ko ni da nake gaban kwamfuta haka nake ji. Ki huta."

Philomena ma da ta ji, cewa ta yi, "Laifina ne, na ba ka aiki kamar jaki. Huta, Malama." Ta shiga hidimar sabuwar dila, tana fita da sassafe, ba ta ƙara zaman turmi ba.

Iya kuwa aiki ta yi. Dije ta shiga wanka ta fito ta tarar an kwashe littattafan kaf, an ɗure su a buhu, an ɗora a saman rumbun ɗakin ajiya. A madadinsu an ajiye mata kofin jiƙon tsamiya da tsumma mai sanyi na ɗaurin kai.

Ba ta yi musu ba, don ita ma ta yarda karatun ne. Ta kwanta ta rufe ido. Ta kwana, ta sake kwana, ba ta kalli harafi ko ɗaya ba, ko saƙon waya ba ta buɗe ba. Ciwon ya ƙaru.

Ranar Talata da hantsi aka fara ruwa. Dije ta tashi za ta yi alwala, ta nemi zare zobenta, ya ƙi fita. Ta sa sabulu, ya ƙi. Naman yatsan ya taso ya rufe gefensa. Ta zura ƙafa a silifa, ƙafar ta tsaya a rabi. Da ta ɗago kai sai ta ga wasu ƙananan taurari suna tartsatsi a jikin bango, kamar ana walda a nesa.

Ta zauna a bakin gado. Ta san ta taɓa ganin wannan, zoben da taurarin, a jere haka. Ba a littafin lafiya ba. A wani labari ne mai kauri na wata ƙasa mai sanyi, inda ƙanwar mai gidan take da ciki, ta ce zobe ya matse ta, kanta yana sarawa, tana ganin wuta-wuta, 'yan gidan suna ta shirin liyafa. Kafin babin ya ƙare matar ta sandare a kan gado tana jijjiga, aka ciro ɗan, ita ba ta tashi ba. Dije da hannunta ta jefa littafin a kwalin na ƙarya.

Ta kira Jamilu. Sai a kira na uku ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Muna taro. Lafiya?"

"Kaina ne. Hannuna ya kumbura. Ina ganin wani abu kamar tartsatsi."

"Ai masu ciki suna kumbura, nas ta faɗa. Ba ranar Litinin za ki awo ba?"

"Jamilu, na taɓa karanta..."

Ta ji numfashinsa.

"A wane littafin kuma?"

"Labari ne."

"Labari." Ya sauke murya. "Dije, in na sake fita yau, ban san me zan ce wa mutumin nan ba. Ki kwanta. Ina tashi zan biyo, in ya kama mu je, sai mu je. Kin ji?"

Ta ce ta ji.

Ta ɗaga wayar ta kalli fuskarta a ciki. Ta ga fuska mai faɗi, idanu sun shige. Amma kullum tana ganin fuskar nan, ta kasa tuna yadda take a makon jiya. Wanda zai iya faɗa sai wanda ya san fuskar tun da, ya kuma san ciki. Mutum ɗaya ce a gidan, tana madafa, wata guda ba ta dube ta ba.

Wani ciwo ya soke ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ta jira ya lafa, bai lafa ba. Ta miƙe ta fita ba hijabi, ba takalmi, cikin a fili.

Iya tana tsugune a madafa tana fama da ɗanyen itace. Da ta ji motsi sai ta ƙara juya baya.

"A koma ɗaki, ana ruwa," ta ce wa murhu.

"Iya."

"Kunu ya kusa. Za a kawo."

"Iya, ki dube ni."

Hannun Iya ya tsaya a kan maficin. Ba a taɓa yi mata wannan maganar ba. Ta ci gaba da fifita wutar da ƙarfi, hayaƙi ya turnuƙe.

"Karatu ne. An ce a bari, an ƙi."

"Na bari. Ke kika kwashe su. Tun ranar ban karanta komai ba, kuma ƙaruwa yake yi."

Iya ta ƙara tura itace cikin murhu.

Dije ta dafa bango ta zagaya ta gaban murhun, ta durƙusa da ƙyar a cikin toka, tsakanin Iya da tukunya, yadda babu inda Iya za ta kai idonta. Iya ta sunkuyar da kai. Abin da ta fara gani ƙafafun ne. Ta daɗe tana kallonsu. Ta miƙa babban yatsa ta danna ƙaurin, ta ɗauke. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

Sannan ta ɗago.

Dije ba ta san idon Iya yana da ɗigon baƙi a gefen hagu ba sai ranar. Iya ta kalli goshin, ta kalli fatar idon da ta yi luhu-luhu, ta kalli leɓen. Maficin ya faɗi cikin wuta, ba ta ɗauka ba.

"Inna lillahi. Tun yaushe fuskar nan take haka?"

"Ban sani ba."

"Kina ganin wuta?"

"Ina gani."

Iya ta miƙe tsaye. "Haka Yaya Kande ta yi," ta ce, ba da Dije take ba, ba kuma da kaji ba. Dije ta san sunan. Yayar Iya ce da ta rasu wurin haihuwa tun kafin a haifi Dije, ba a taɓa faɗa mata yadda aka yi ba.

"Jamilu ya ce in jira shi."

"Ya same mu a can."

"Ban tambaye shi fita ba."

"A gidana kike. Tashi."

Iya ta yafa zane a ka ta fita zaure tana ƙwala wa Philomena kira. Ruwan ne ya koro Philomena daga kasuwa, tana cikin shanya littattafan da suka jiƙe. Ta leƙo, ta ga Dije a tsakar gida, bakinta ya buɗe.

"Jesus! Malama, wa ya hura ka?"

"Keke, Maman Kosi," Iya ta ce. "Yanzu."

Philomena ta fita cikin ruwa da gudu, ba lema. Ta tare wani mai keke da fasinja biyu a ciki, ta sauke su da baki, suna zaginta tana ramawa. Aka sa Dije a tsakiya. Iya ta riƙe mata kai a kafaɗarta, cokalin da ta ɗauko yana cuse a ƙugun zane, ko da jijjiga za ta sa a buƙaci abin sawa a baki.

Hanyar ta zama rafi. Mai keken yana kauce wa ramukan da ya sani, yana faɗawa waɗanda bai sani ba. Kowane tsalle sai Dije ta ji kamar an buga mata taɓarya a ƙeya. Taurarin suka yi yawa har ta daina ganin bayan mai keken sosai. A mahaɗar kasuwa wata motar yashi ta mutu a tsakiyar titi, motoci sun cushe, kowa yana danna oda.

"Hajiya, sai haƙuri, babu hanya," mai keken ya ce.

"Bi ta gaban masu kifi," in ji Philomena.

"Ai ba hanyar keke ba ce."

"Yau ya zama. Kai bi, ni zan yi magana da su."

Ta sauka ta shiga gaba, tana ture tebura, tana ɗaga lemomin 'yan kasuwa. "Mai ciki! Ku matsa, mai ciki!" Matan suka janye farantansu. Keken ya kutsa, ya taka kwandon wani mai tattasai, ya fito ta bayan motar yashin. Philomena ta ɗane ciki yana tafiya, tana haki.

"Malama, kada ka yi barci. Yi magana. Me ka gani da ka fito haka?"

"Wata mata ce a littafi," Dije ta ce. Harshenta ya yi nauyi. "Mai kaurin nan, mai hoton gida a dusar ƙanƙara."

"Na ƙarya?"

"Na ƙarya."

"To me ya same ta?"

Dije ta kawar da kai. Philomena ta dubi Iya ta saman kanta, ba ta sake tambaya ba. Yatsun hannun Dije na hagu suka fara rawa su kaɗai. Iya ta damƙe su, tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

A asibiti layi ya kai baranda. Philomena ba ta tsaya karɓar kati ba, ta wuce kai tsaye wurin nas ɗin da ke bakin ɗakin haihuwa, ta jawo hannunta. Nas ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga fuskar Dije, ta fasa. Ta naɗa mata abin awo a dantse ta matsa. Ta duba. Ta kwance ta naɗa a ɗaya hannun, ta sake dubawa. Ba ta faɗi abin da ta gani ba, gado kawai ta ce a turo, ta aika a kira likita.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa wa Dije guntu-guntu. Allura a ɗuwawu mai zafi kamar barkono. Wani ɗumi da ya bi jikinta. Fanka a sama. Muryar likita, mace ce, tana yi wa Iya bayani a hankali: jinin ya hau sosai, jijjiga tana dab da kama ta, maganin da aka yi mata na ɗan lokaci ne. Sai an ciro ɗan yau, ko da bai isa ba. In aka jira, za a iya rasa su duka.

"Ina mijinta? Sai an sa hannu."

Philomena ta riga ta kira shi. Ya baro ofis, amma ruwa ya tsayar da komai a Madalla, motoci ba sa ko motsi. Ana jin muryarsa ta wayar yana cewa a yi duk abin da ya kamata, a yi, yana zuwa.

"Baki ba ya isa," likitar ta ce. "Mama, ke ce mahaifiyarta?"

Iya ta kalli ƙasa. Nas ta tsaya da takarda a hannu.

"Ni ce," ta ce.

Aka shafa mata tawada a yatsa ta dangwala. Aka tura gadon.

Da Dije ta farfaɗo, ruwa ya ɗauke, hasken la'asar yana shigowa ta taga. Cikinta ya yi nauyi ta wata irin hanya, an manne shi da filasta. Robar ƙarin ruwa tana hannunta. An yanke zoben, ya bar zane ja a yatsan. Iya tana zaune a ƙasa a ƙarshen gadon, ta ba ta gefe, tana jan carbi. Jamilu yana tsaye, wandonsa jiƙe da taɓo har gwiwa. Acaɓa ya hau daga Madalla.

Nas ta zo ta sake auna ta, ta ce jinin ya fara sauka amma bai sauka ba tukuna, za a kwana ana dubawa. Ta fita.

Jamilu ya matso. Ya buɗe baki, Dije ta riga shi.

"Mace ko namiji?"

"Mace."

"Ka gan ta?"

"Ta gilashi. An sa ta a kwalba." Ya nuna tsawonta da hannu biyu, sannan ya ɗan rage.

"Tana numfashi?"

"Tana yi."

"Da kanta?"

"Akwai ɗan tiyo a hancinta. Sun ce ana gani zuwa gobe."

Dije ta rufe ido, ta buɗe. Bangon ya tsaya wuri ɗaya, fari, babu komai a jikinsa.

"Dije, ni fa da na san..."

"Je ka sake dubo ta."

"Yanzu na baro wurin."

"Je ka dai."

Ya cire takalman da suka cika da ruwa ya ajiye a bakin ƙofa, ya bi barandar da ƙafa.